Mage na yage kushin: a cire mata farce, a riƙa yankewa, ko a yi mata abin karta?

Salam 'yar uwa, na ga tambayarki tun jiya da daddare ban samu zama ba sai yanzu. Kin ce magenku 'yar wata bakwai ta zazzare hannun kushin ɗin falo har ta fara hawa labule, maigida ya ce ko dai a kai ta a cire mata faratan gaba ɗaya ko a bayar da ita, ke kuma kina so ki san wanne ya fi tsakanin cirewar, da yanke farcen lokaci-lokaci, da sayen irin abin kartar nan da ake tallarsa a Instagram. To bari in ajiye miki su kusa da juna ki gani, amma tun farko ki sa a ranki cewa babu abin da zai sa mage ta daina karta, wurin da take kartar kawai za ki iya canza mata.

Dalili kuwa ba iskanci ba ne kuma ba ta tsani kujerarki ba. Farcen mage yana girma ne ɓawo kan ɓawo, in na sama ya tsufa sai ta ja shi a jikin abu mai kaushi ya saɓule sabon ya fito, shi ya sa wani lokaci in kina shara za ki ga kamar farce ya faɗo ki ɗauka ciwo ta ji, alhali tsohon ɓawonsa ne kawai. Sannan a tsakanin 'yan yatsunta akwai inda wani ƙamshi yake fitowa wanda mu ba ma jinsa, duk inda ta karta ta bar shaidar cewa nan wurinta ne. Kuma miƙa ce, ki lura da ita in ta tashi daga barci, abu na farko da take nema shi ne inda za ta kafa hannuwa ta ja bayanta. Kushin ɗinki ya haɗa duk abin da take so, yana da nauyi ba ya motsi, yana da tsayi, yadinsa yana kama farce, kuma a nan kuke zama ƙamshinku duk yana jiki.

In fara da cirewar tunda ita maigida ya kawo. Dan Allah ki yi masa bayani a tsanake, don na tabbata ya ɗauka kamar yankan farcen mutum ne da ya ɗan yi zurfi. Ba haka ba ne wallahi. Farcen mage daga ƙashin ƙarshe na yatsa yake tsirowa, don haka in ana so kar ya sake fitowa dole sai an guntule wannan ƙashin, kamar a ce an yanke wa mutum gaɓar ƙarshe ta kowane yatsa. Kuma ita mage a kan yatsunta take tafiya, ba a kan tafin ƙafa irin namu ba, kinga bayan aikin yadda take taka ƙasa ma ya canza, wasu suna kasancewa da ciwon ƙafa da na baya har ƙarshen rayuwarsu. Wasu sai su daina shiga yashin da aka tanadar musu na bayan gida saboda tonon yana musu zafi, su koma yi a kan kafet ko gado, wasu kuma tunda an raba su da makaminsu sai su koma cizo. Wato kin gudu daga yagaggen kushin kin faɗa fitsari a katifa. Ga shi irin gidajenmu ba a rasa ranar da za ta fita tsakar gida ko ta haura katanga, in kare ko wani muzuru ya biyo ta da me za ta hau bishiya, da me za ta kare kanta? A Ingila da yawancin ƙasashen Turai doka ta hana wannan aikin sai in rashin lafiya ce ta sa, a Amurka ma inda aka fi yinsa jihar New York ta haramta shi a 2019, Maryland ta biyo baya a 2022. Mu kuma da muka san hadisin matar da ta shiga wuta saboda magen da ta kulle ba ci ba sha har ta mutu, ban ga yadda za mu nakasa dabba saboda yadin kujera ba. Wannan ki cire shi daga lissafi kwata-kwata.

Yanke farce kuma daban ne, shi ba laifi, yana ma da kyau ga magen da ba ta fita waje. Tsinin kawai ake cirewa. Mage tana da farce 18, biyar-biyar a gaba huɗu-huɗu a baya, kuma na gaban su ne masu ɓarnar, na bayan ba dole ba ne ma ki taɓa su. Ki jira sai ta ci ta ƙoshi barci ya fara ɗaukarta, ki ɗora ta a cinya ki danna tafin a hankali farcen zai fito, in kin duba a haske za ki ga wani wuri mai ja-ja a cikinsa, nan jijiya ce da jini, kar ki kusance shi, farin bakin da ya lanƙwasa kaɗai za ki tsinke. Abin yanke farce na mutane ma yana yi in dai mai kaifi ne, amma banda reza dan Allah. In ta fara zillewa ki sake ta, ko biyu kika samu yau gobe ki ƙara biyu, kar ki danne ta da ƙarfi don daga ranar ba za ta ƙara yarda ki riƙe mata hannu ba. In tsautsayi ya sa kin taɓa jan wurin, ki danna ɗan garin fulawa ko na masara a kai jinin zai tsaya. Duk sati biyu zuwa uku ake maimaitawa. Amma fa ki sani yankan yana rage ɓarna ne kawai, za ta ci gaba da zuwa jikin kushin ɗin, sai dai zaren ba zai riƙa fita kamar da ba. Akwai kuma 'yar hular roba da ake manna wa farcen da gam, tana kai sati huɗu zuwa shida kafin ta faɗi, ni ba ta burge ni sosai saboda wahalar sakawa kuma ba ta dace da magen da ke fita waje ba, amma ko ba komai ba ta nakasa ta.

Na ukun shi ne maganin gaske, a ba ta nata wurin kartar. A nan ne kika tambaya ko ki sayi na kanti, to ga yadda nake ganinsu. Da yawa daga cikin waɗanda ake tallar nan suna da kyau a hoto, ga gashi mai laushi ga ɗan ƙwallo yana lilo, amma gajeru ne kuma gindinsu ba nauyi. Mage in ta jingina da abu ya yi rawa ko ya faɗo mata sau ɗaya, shikenan ta gama da shi, za ta koma kushin da ba ya motsi, ke kuma ki ce ai kin saya ta ƙi. Ba ƙi ta yi ba, abin ne bai yi ba. Gara ki je wurin kafinta ya samo miki katako mai kauri, tsayinsa ya kai kamar santimita 80 zuwa 90 yadda in ta girma za ta miƙe tsaye a jikinsa gaba ɗaya, ya kafa shi a kan faffaɗan falanki mai nauyi, sai a naɗe shi da igiya mai kaushi irin ta rama, a matse sosai layi kan layi kar a bar tazara. Kar a yi da igiyar leda ko ta roba, tana tsinkewa ta maƙale a farce kuma za ta iya haɗiye ta. Ki ce masa kusoshin su nutse ciki sosai, daga sama da ƙasa kawai. In igiyar ta yi wahalar samu, buhun algarara da aka ninka aka ja shi ya ɗame shi ma yana yi. In ya tsufa igiyar kawai za ki canza.

Sai kwali. Shi ne mafi araha kuma ƙananan maguna suna haukan sonsa. Ki samu kwalin taliya ko na indomi, ki yayyanka shi dogo-dogo faɗin kamar yatsa huɗu, ki jera su a tsaye a matse cikin murfin wani kwalin yadda ramukan gefen za su kalli sama. Matsalarsa shara, kullum za ki ga ɓurɓushi, kuma ba ya daɗewa, damina ma in ya sha danshi ya gama. Tsakaninsa da na igiyar ba sai kin zaɓi ɗaya ba, magen ce za ta gaya miki. Wadda take kartar hannun kujera da labule da jikin ƙofa, irin taku kenan, abu na tsaye take so. Wadda take tonon kafet da darduma da tabarma, na kwance take so. Taku tunda har labule take hawa, ki fara da na tsayen ki ƙara mata kwalin a gefe. Guntun icce mai ɓawo, irin wanda ake faskarawa, in kin jingina shi a tsakar gida yadda ba zai gangaro ba shi ma za ki sha mamaki, ai shi suke karta tun asali.

Inda mutane suka fi kuskure shi ne wurin ajiyewa. An kashe kuɗi an yi abu mai kyau sai a kai shi sito ko bayan kicin don kar ya ɓata tsarin falo. Ba za ta bi shi can ba. Ki ajiye shi daf da hannun kushin ɗin da take yagewa, shi kuma hannun ki lulluɓe shi na 'yan makonni da abin da ba ta son taɓawa, leda mai kauri mai santsi ko salatif mai gam gaba da baya. In kin ga ta kama sabon sosai sai ki riƙa jan shi kaɗan-kaɗan zuwa inda kike so. Kar ki kama hannunta ki goga mata a jiki, tsoro zai ba ta, ki dai yi wasa da ita a wurin, ki riƙa jan abin wasa a jikin igiyar har ta kai farce da kanta, da ta yi ki ba ta ɗan guntun kifi ko nama nan take. Duka da tsawa da watsa ruwa kuwa abin da suke koya mata ɗaya ne, ta jira sai ba kya falon.

Amma ni abin da ya fi tsaya min a maganarki shi ne hawan labulen nan. 'Yar wata bakwai da ke hawa labule ƙarfi ne ya yi mata yawa ba inda za ta kai shi. Magunan da muka taso muka gani a gidajen iyayenmu ba wanda yake musu wasa, amma suna da ɓera a rumbu da ƙadangare a katanga da fara a tsakar gida, ita kuwa taku tana kulle a fulat daga falo sai ɗaki. Mage tana barcin awa 12 zuwa 16 a rana, ƙarfinta yana tashi ne da asuba da kuma wajen magariba, lokacin farautarta kenan, ki duba ki gani ko ba a lokutan ne take wannan guje-gujen ba. Minti goma zuwa sha biyar sau biyu a rana ya isa ya canza ta, ki yi wasan kafin ki ba ta abinci, ta yi farauta ta kama ta ci ta lashe jiki ta kwanta.

Kayan wasan ma in kika kwatanta na saye da na gida, na gidan ba ya jin kunya. Siririn kara da igiya da gashin kaza biyu-uku a ɗaure a baki ya fi ɓeran roba mai batir da za ta kalla kwana biyu ta share. Sirrin yana hannunki, ki ja shi a ƙasa yana guje mata, ya ɓuya bayan kujera ya tsaya ya ɗan motsa, kar ki riƙa kaɗa mata shi a fuska, ɓera ba ya zuwa wurin mage. Tocilan mai jan ɗigon nan yana sa ta gudu sosai kuma yara suna sonsa, amma ba ta taɓa kama komai, sai ta ƙare a wahale ranta a ɓace, in za a yi da shi a ƙarasa ɗigon a kan wani abin da za ta cafke, kuma kar a haska mata a ido. Kwali da aka huda masa ƙofofi biyu, takarda da aka dunƙule, murfin gora, gorar ruwa da aka huhhuda aka zuba busasshen abincinta a ciki tana gangarawa yana faɗowa, duk suna ɗauke mata hankali in kin fita aiki. Ki riƙa ɓoye wasu kina fito da wasu don kar ta gaji da su. Sannan ki samar mata wuri mai tudu kusa da taga mai raga inda za ta zauna ta kalli tsuntsaye, rabin hawan labulen neman sama ne. Abin da ba a bar mata ita kaɗai shi ne zare da ulu da robar ɗaure gashi da allura mai zare, in ta haɗiye zare yana iya naɗe hanji sai an yi tiyata, in kuma kin ga zare yana leƙowa daga bakinta ko bayanta kar ki ja, likitan dabbobi za ki kai ta. Mai karan ma in an gama wasa a ɗaga shi.

Ki hana yara wasa da ita da hannu ko ƙafa tun yanzu, abin da yake ban dariya a wata bakwai yakushi ne mai jini a shekara biyu. In ta yakushi wani a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu sosai, in ya kumbura ko kaluluwa ta fito ko zazzaɓi a je asibiti. Ita ma ki kai ta asibitin dabbobi a yi mata rigakafin ciwon haukan kare da maganin ƙuma, a can ma za su iya nuna miki yankan farcen karo na farko ki gani da idonki. Kuma ko me ya same ta kar a ba ta Panadol, farasitamol guba ne ga mage, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta.

Ki roƙi maigida ya ba ki wata ɗaya. Satin nan ki je wurin kafinta, ki rufe hannun kushin ɗin, ki yanke mata na gaba, labulen kuma ki naɗe shi sama ko ki ɗaure shi in ba kowa a falon, in da hali ma a riƙa ja mata ƙofar falon da daddare har sai ta saba da nata.