Sarifix na waken suya: yana aiki, in ba zafin shago ya kashe shi ba

Masu sayen kayan noma a Kumasi suna kaiwa gonakin Ejura da Techiman na yawan tambaya ko Sarifix, baƙin garin nan da ake shafa wa irin waken suya, ya cancanci kuɗinsa. Ya cancanta. Cibiyar binciken noma ta SARI da ke Nyankpala, kusa da Tamale a Ghana, ke yin Sarifix, kuma abin da ke cikin ledar ba taki ba ne, bakteriya ce (ƙwayar halitta da ido ba ya gani) mai rai, mai suna Bradyrhizobium. Tana shiga saiwa ta yi ƙulle-ƙulle, ta kamo naitirojin daga iska ta ba shuka, shukar kuma ta ciyar da ita da sukari.

Da yake rai gare shi, ajiya ce matsalar. Ledar da ta yi makonni a shagon kwano mai zafi ta mutu, ko da wa'adinta bai ƙare ba. Ka sayi wadda ke cikin firij ko wuri mai sanyi, amma ba mai daskarewa ba.

Wajen haɗawa, a yayyafa wa irin ruwan sukari ko na ƙaro kaɗan, ya yi danshi kawai, kada ya jiƙe har ɓawonsa ya saɓule. A zuba garin, kimanin giram 5 ga kowane kilo na iri, a juya har kowace ƙwaya ta yi baƙi-baƙi. A shanya a inuwa kamar rabin awa, a shuka ranar a ƙasa mai laima. Rana na kashe shi, haka ma cakuɗa shi da takin zamani.

Inda da yawa ke ɓata aikin shi ne zuba yuriya, takin naitirojin. In naitirojin ya yi yawa a ƙasa, shuka ba ta yin ƙulle-ƙullen. Fosforas take so: takin fosforas da ake kira TSP, wajen buhu ɗaya mai kilo 50 a eka, lokacin shuka.

Sati shida bayan shuka, a haƙo 'yan tushe, kada a fizge, don ƙulle-ƙullen na tsinkewa. A tsaga ɗaya da farce. Ja-ja a ciki, aiki na tafiya. Fari ko kore, ba ya kamo komai.

Ya fi nuna bambanci a gonar da ba a taɓa noma waken suya ba. Na waken suya kuwa kada a sa ran zai yi wa gyaɗa ko farin wake aiki, su sukan samu tasu bakteriyar a ƙasarmu.