Roger Ackroyd ko Orient Express, wanne za ki fara?

'Yar'uwa da kika tambaya tsakanin littattafan The Murder of Roger Ackroyd da Murder on the Orient Express wanne za ki fara karantawa, kuma wanne masu sharhi suka fi yabawa, to ga nawa ra'ayin.

Duka labaran binciken kisan kai ne na Agatha Christie, marubuciya 'yar Birtaniya, duka kuma tauraronta Poirot ne mai binciken. Orient Express ya fito 1934, jirgin ƙasa ne dusar ƙanƙara ta tsayar a Yugoslabiya, gari na wayewa aka tarar da wani Ratchett an caccaka mai wuƙa har sau 12. Yana da sauri, Turancinsa ba wahala, amma tsakiyarsa tambayoyi ne kawai fasinja bayan fasinja, wani zai iya gajiya. Marubucin labarin laifuka Raymond Chandler na Amurka a 1944 ya yi wa ƙarshensa ba'a sosai, a ganinsa abu ne da ba zai taɓa faruwa da gaske ba.

Shi kuwa Ackroyd na 1926 nan ne aka yi rigima. A ɗan ƙauyen King's Abbot ake komai, likitan garin Dr Sheppard ke ba da labarin, ga yayarsa Caroline uwar gulma, tana zaune a gida amma daga bakin 'yan aiki da masu kawo kaya take jin sirrin kowa. Da littafin ya fito wasu suka ce wallahi Christie ta yi wa masu karatu maguɗi, wata marubuciyar irin waɗannan labarai Dorothy Sayers ta tsaya mata tace babu wani maguɗi, aikin mai karatu ne ya zargi kowa. Ni ina bayanta, don in kika gama kika koma baya za ki ga ba inda aka miki ƙarya, ke ce dai kika wuce jimlar da gudu. A 1945 mai sharhin adabi Edmund Wilson na Amurka ya rubuta sharhi yana cewa wai wa ma ya damu da wanda ya kashe Ackroyd, amma a 2013 ƙungiyar marubuta labarin laifuka ta Birtaniya shi ta zaɓa a matsayin gwarzon littafin wannan fanni.

In kin riga kin ga fim ɗin Orient Express na 1974 ko na 2017 to an gama miki da shi. Ki fara da Ackroyd, kuma don Allah kar ki nemi sunansa a Google kafin ki kai babin ƙarshe.