Gidan piza na unguwarmu a Napoli: kullu da wuta sun yi, sai dai jira

A unguwar Sanità, cikin birnin Napoli na ƙasar Italiya, akwai wani ɗan ƙaramin gidan piza da ba ya cikin wuraren da 'yan yawon buɗe ido ke yi wa layi. Teburansa ba su wuce goma ba, rufin ya sha hayaƙi, a bango kuma an manna hoton Maradona da ya fara koɗewa. Mutanen unguwa ne ke ci a wurin: masu gyaran babur, tsofaffi da jikokinsu, ma'aikatan kasuwa idan sun tashi. Ni ma maƙwabcinsu ne, shi ya sa na ga ya dace in gaya wa 'yan'uwa masu zuwa garin nan, ko karatu ko aiki ko fatauci, abin da za su tarar idan suka leƙa.

Da ka shiga, tandar za ka fara gani. Ginin bulo ce mai kan tulluwa, da ɗan ƙaramin baki, itace na ci a gefe guda a cikinta. Zafinta yana kai wajen digiri 480, don haka piza ba ta wuce minti ɗaya da rabi a ciki. Mai gidan, wani dattijo mai gajeren wuya, shi ke buɗa kullun da hannu. Ba ya amfani da muciyar murji ko kaɗan. Sai ya danna tsakiya da yatsu, ya tura iskar zuwa gefe, ya mara kullun a kan dutsen tebur, ya juya, ya sake marawa. Ɗansa ne ke tsaye a bakin wuta da doguwar shebur ta ƙarfe, yana juya pizar kaɗan-kaɗan don kada gefe ɗaya ya ƙone, daga ƙarshe ya ɗaga ta sama kusa da rufin tandar na ɗan lokaci kafin ya zaro. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin masu gurasa a Kano ya ga yadda ake manna ta a tanderu zai gane ƙamshin nan take, fulawa ce da ta haɗu da wuta mai ƙarfi.

Shawarata ita ce kada ka wahalar da kanka da dogon jerin da ke cikin takardar abinci. Biyun farko su ne gidan. Marinara ba ta da cuku sam: tumatir, tafarnuwa, man zaitun da wani busasshen ganye mai ƙamshi da ake kira origano. Yuro 4 da rabi ce. Margherita kuwa tumatir ce da cukun mozarella da ɗanyen ganyen ɗaɗɗoya irin tasu, yuro 6. Labarin da ake bayarwa a garin shi ne wani mai piza, Raffaele Esposito, ya yi ta a 1889 don Sarauniya Margherita, da launin ja da fari da kore irin na tutar ƙasar. Mai gidan namu yana ba baƙi wannan labari kamar a gabansa aka yi.

Ni marinara na fi so, kuma a kanta nake auna kowane gidan piza, domin babu cukun da zai rufa wa kullu asiri. Ta nan gefenta ya kumbura, da ɗigo-ɗigon baƙi inda wuta ta lasa, idan ka matsa shi da yatsa sai ya lotsa ya dawo. Cikinsa duk ramukan iska ne. Dattijon ya ce kullunsa yakan kwana yana tashi, kuma fulawa da ruwa da gishiri da yis ne kawai a ciki. Na yarda da shi, don ko ka cinye guda ɗaya kai kaɗai, ba ta zauna maka a ciki ta hana ka barci. Tumatirin ɗanye ake murje shi da hannu, ba a soya shi, yana da ɗan tsami da ɗan zaƙi. Tsakiyar pizar kuwa taushi ne da danshi, har takan lanƙwashe idan ka ɗaga. Wanda ya saba da mai ƙarau-ƙarau irin ta Roma, ko mai kauri irin ta manyan kamfanonin Amurka, zai ɗauka ba ta nuna ba. Ta nuna, haka 'yan Napoli ke son ta. Ka yanka da wuƙa da cokali mai yatsu, ka naɗe yankin, ka ci da zafinta. Idan ta huce rabin daɗin ya tafi.

Akwai margherita ta musamman da cukun madarar ɓauna, wanda ake kawowa daga yankin Caserta. Tana da ƙarin yuro 2. Cukun ya fi maiƙo da ɗanɗano, amma yana sakin ruwa sosai. A ganina ta talakawan ta wadatar.

Sai maganar da ta fi damun Musulmi. Kusan duk naman da ke cikin takardar nan na alade ne: prosciutto, salame, salsiccia, duk ka kauce musu. Inda mutum zai iya faɗawa bai sani ba shi ne soyayyun abubuwa. Soyayyar pizar da ake ji da ita a Napoli galibi akan cusa mata ƙararrar kitsen alade tare da cuku, haka ma ƙwallon taliyar da ake soyawa yakan zo da nama a ciki. Ranar da na kai wani abokina ɗan Zangon Kumasi, yana ganin farantin maƙwabtanmu ya ce, "Malam, wancan mai kama da fanke fa, a kawo mana." Na ce, "Alhaji, tsaya mu tambaya tukuna." Matar mai gidan ba ta ɓoye ba, ta ce akwai alade, ta kuma ce duk a mai ɗaya ake soya su, don haka ko soyayyen dankalin ma mu haƙura. Wannan gaskiyar tata ta ƙara mata daraja a idona. Wanda yake son ƙari a kan tumatir da cuku, akwai mai kifin tuna da albasa, akwai mai gauta da barkono da kabewa gasassu. Giya kuwa ana sha a yawancin tebura, wannan ba a ɓoye yake ba. Ka ce ruwa ko lemo, ba mai kallonka. Bayan cin abinci wani lokaci sukan miƙo ɗan ƙaramin kofi na abin sha ruwan ɗorawa a matsayin kyauta, limoncello ne, barasa ce, ka ce na gode kawai.

Da suka ji daga Najeriya nake, shi ke nan na zama Osimhen. Tun da ya ci ƙwallo 26 a kakar da Napoli ta ɗauki kofin Seriya A a 2023, bayan shekara 33 rabonta da shi, sunansa bai bar bakin mutanen unguwar ba, ko da yake ya bar ƙungiyar. Yaron da ke kawo abinci har yau da sunan yake kirana.

Aibin gidan shi ne jira da hayaniya. Ba sa ajiye wa kowa tebur. Matar takan rubuta sunanka a guntun takarda, ka tsaya a titi babura na gifta ka ta ko'ina, ranar Asabar da dare sai ka kusan awa guda a tsaye. Na kuma lura idan ɗan gida ya zo, sunansa kan yi tsalle ya haye na baƙo, abin da ba ya yi mini daɗi ko kaɗan. Ciki kuma ga talabijin, ga yara, ga ihun oda, ba wurin doguwar hira ba ne. Banɗakinsu ɗaya ne, matsattse.

A rasit za ka ga an ƙara yuro 1 da rabi a kan kowane mutum, kuɗin zama ne da ake kira coperto, al'adar gidajen abinci ce a Italiya, ba cuta ba ce. Ruwa ma saye ake yi. Mu biyu, da piza biyu da babbar kwalbar ruwa da gahawa kofi biyu, yuro 18 muka biya. Suna buɗewa da ƙarfe 7 na yamma, kuma mutanen garin ba sa fitowa cin abincin dare sai wajen 8 da rabi, don haka wanda ya zo da wuri a tsakiyar mako zai samu wurin zama ba tare da jira ba. Idan ka tarar da cunkoso, ka ce a sa maka a kwali, layin masu tafiya da ita gida ya fi sauri.