Rumfar citta da tafarnuwa a Kasuwar Dole: kaya masu kyau, amma da magana a kan kwalbar haɗi

Idan hunturu ya sauka a Damagaram, ƙura ta rufe Birni da Zango, mura da tari suka shiga gidaje, layin masu kayan yaji na Kasuwar Dole yakan cika maƙil da masu neman abin da zai wanke musu maƙogwaro. A wannan layi akwai rumfar wani dattijo da na daɗe ina sayen citta da tafarnuwa a wurinsa, kuma tun da yawancin masu tsayawa gabansa a wannan lokaci magani ne ya kawo su, ba kayan miya ba, ya dace a san abin da ya cancanci kuɗin mai saye a cikin kayansa da abin da bai cancanta ba.

Cittarsa ita ce ta sa nake komawa. Yana da ɗanya, da busasshiya wadda aka tsaga, da kuma gari. Kamar yawancin cittar da ke shigowa kasuwanninmu, daga kudancin Kaduna take, yankin Kafanchan da Kachia, ta biyo ta Kano. Kafin mutum ya taya, dattijon yakan karya yatsa ɗaya na ɗanyar ya miƙa masa, a ga cikinta ruwan ɗorawa mai haske, da danshi, ba tarin zare irin na wadda ta tsufa a buhu ba, ƙamshinta kuma ya doki hanci nan take. Busasshiyar tana karyewa ƙas, babu hudar ƙwaro, babu ɗigon baƙi ko kore na fumfuna. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai shan ta a matsayin magani, domin wasu nau'o'in fumfunar da ke kama kayan da ba su bushe sosai ba suna fitar da guba mai cutar da hanta, kuma tafasawa ba ta kawar da ita. Buhunansa a kan katako suke, ba a ƙasa ba, abin da maƙwabtansa da yawa ba su damu da shi ba. Tsada kam akwai ta, sai dai ba laifinsa ba ne: tun 2023, lokacin da wata cuta ta cinye mafi yawan gonakin citta a kudancin Kaduna, farashi ya yi tashin gwauron zabi, ƙullin dala 20 kuma ya ƙanƙance.

Garin cittar bai kai sauran ba. A farar leda yake, rataye inda rana take dukansa, ƙamshinsa ya ragu sosai, kuma mai saye ba shi da hanyar sanin ko citta ce zalla a ciki. Gara a sayi busasshiyar a daka a gida, a kuma tuna cewa ta fi ɗanya yaji, saboda haka kaɗan ya isa.

Tafarnuwa iri biyu yake ajiyewa: ƙaramar nan ta lambunan Ayar da ke zuwa ta Agadas, da babbar fara da ake shigowa da ita daga Sin. Ta Ayar tana da wuyar ɓara, amma ta fi ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma ita yake nuna wa masu neman magani ko da babbar ta fi ɗaukar ido. Kawunanta a tsuke suke, ba su fara tsiro ba, idan an matsa ba sa lotsawa. Inda na saɓa da shi shi ne shawarar da yake bayarwa cewa a haɗiye ƙwaya guda da ruwa ba tare da taunawa ba, don gudun wari. Sinadarin da ake nema a tafarnuwa, wato alisin, wanda wani masani a Amurka mai suna Chester Cavallito ya fara warewa a 1944, babu shi a ƙwayar da ba a fasa ba. Sai an daka ko an yanka ne abubuwa biyu da ke rabe a cikinta suke haɗuwa su samar da shi. Shi ya sa ake so a daka ta a bar ta kamar minti 10 kafin a ci ko a sa a wuta, domin zafi yana tsayar da wannan aiki. Wanda ya haɗiye ta gaba ɗaya ya rage wari, amma ya rage amfanin tare da shi. Matsalar warin kuwa gaskiya ce, tun da hadisi ya hana wanda ya ci ɗanyar tafarnuwa kusantar masallaci, kuma mafitar da dattawa suka saba da ita, ta barin ci sai bayan lisha, ta fi haɗiyewa ma'ana.

Abin da ya fi jan mutane yanzu shi ne kwalbar haɗi da ke jere a gaban rumfar: citta da tafarnuwa da lemun tsami da zuma, a cikin tsofaffin robobin ruwa, kowace jika 2. An manna mata takarda mai jerin cututtuka, daga hawan jini da ciwon suga zuwa basir da sanyi da taifot, amma babu sunan wanda ya haɗa, babu ranar haɗawa, babu adadin abin da aka zuba. Wadda na saya ta yi huci da na buɗe ta, kumfa ya taso, alamar ta fara tsami. Ruwa-ruwa ce, kuma zaƙinta ya fi kama da na narkakken suga fiye da na zuma. Ko da an haɗa ta da gaskiya, alisin ba ya daɗewa, musamman a zafi, balle a garin da zafin bazara yake haura digiri 40. Na tambaye shi, na ce, "Baba, duk waɗannan cututtuka kwalba ɗaya ce za ta warkar?" Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, ba ni na rubuta ba, kawo mini ake yi." Ban ga wannan amsa ta wadatar ba, domin mai saye ba ya ganin wanda ya kawo, fuskar dattijon yake gani, kuma amincin da ya samu a kan citta shi ne yake sayar da kwalbar.

Abin da binciken masana ya goyi baya bai kai tsawon wannan takarda ba. Citta tana rage tashin zuciya, musamman na laulayin mai ciki, da kimanin giram 1 a yini, kuma tana sauƙaƙa wa wasu mata ciwon mara na al'ada. Tafarnuwa tana iya rage hawan jini kaɗan, amma ba ta kai a ajiye ƙwayar da likita ya rubuta saboda ita ba. Shayin citta da zuma yana sanyaya maƙogwaro, ita kuwa mura da kanta take wucewa cikin mako guda zuwa kwana 10. A 2020, da aka yi ta yaɗa cewa tafarnuwa tana kare mutum daga korona, Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu shaidar hakan. Ciwon suga kuwa, ba mai shi ruwan zaƙi da sunan magani ganganci ne.

Akwai kuma gargaɗin da ya kamata a riƙa ji a irin wannan rumfa amma ba a ji. Citta da tafarnuwa, idan an yawaita, suna iya ƙara zubar jini ga mai shan maganin tsinka jini kamar warfarin ko asfirin, kuma wanda za a yi wa tiyata ya kamata ya gaya wa likita yana shan su. Mai gyambon ciki ko ƙwannafi yakan wahala idan ya ci ɗanyar tafarnuwa kafin ya sa komai a ciki. Ɗaura dakakkiyar tafarnuwa a fata, kamar yadda wasu ke yi wa makero ko kumburi, yana iya ƙona wurin har ya yi bororo. Zuma kuma ba a ba jaririn da bai cika shekara 1 ba.

Duk da haka, dattijon yana da iyakar da ba ya ƙetarewa, kuma na shaida hakan. Wata mata ta zo da yaro goye, jikinsa zafi rau, tana neman kwalbar. Ya taɓa goshin yaron, ya mayar mata da kuɗinta, ya ce, "Hajiya, ki kai shi asibiti a auna jininsa tukun, citta ba ta maganin zazzaɓin cizon sauro." A yankin da sanƙarau ya ɓarke daga ƙarshen 2022 zuwa farkon 2023, kuma yake iya farawa da zazzaɓi da ciwon kai kamar na mura, mai rumfar da yake iya juya ciniki baya saboda lafiyar yaro ya cancanci yabo. Da zai yi wa manya masu hawan jini da ciwon suga irin wannan magana, da ƙorafina ya ragu ƙwarai.

Wajen ciniki ba shi da faɗa, yana yin ragi ga mai sayen da yawa, gyara kuma yakan yi tun ba a roƙa ba. Ranar Alhamis cunkoso yakan hana shi tsayawa yi wa mutum bayani, don haka mai son ya zaɓi kaya a natse ya je da hantsi a wata ranar. Ƙananan ƙullin da ya riga ya ɗaure ba a auna su, kuma ba su zama daidai da juna, saboda haka ya fi a ce ya ɗora a sikeli. Jika 2 ɗin da za a ba da a kan kwalba ɗaya ta isa a sayi ɗanyar citta da tafarnuwar Ayar da lemun tsami a wurin, a riƙa haɗa na yini guda a gida da zumar da aka san asalinta.