Sharhi: Canon 600D ta hannu, a rana da ƙurar Katsina

Canon EOS 600D ba sabuwar kyamara ba ce. Tun 2011 ta fito, kuma a Amurka Rebel T3i ake kiranta, don haka kada ka ruɗe in ka ga wannan sunan a jikin wadda aka miƙo maka a shago. Tawa ta hannu na saya, da gilashinta na asali mai 18-55mm, batir ɗaya da caja. Na yi aiki da ita da damina, na yi da hunturu, na kutsa da ita cikin hawan Sallah, shi ya sa nake ganin zan iya gaya wa mai son tashi daga hoton waya abin da zai tarar.

Mu 'yan koyo ne. Akwai malamin makaranta a cikinmu, akwai tela, akwai ɗalibai. Mukan haɗu ranar Asabar bayan La'asar a ƙofar shagon wani dattijo da ya tsufa a sana'ar hoto tun zamanin fim, kowa ya fito da abin da ya ɗauka, a duba, a gaya masa gaskiya. A wannan zaman na fi ganin amfanin kyamarar. Mai waya in aka ce masa hotonsa ya yi duhu, sai dai ya ce to, domin wayar ce ta yanke komai. Ita kuwa wannan, da ka danna INFO za ta nuna yadda aka ɗauki hoton: saurin ƙyaftawa 1/60 na daƙiƙa, buɗewar ido f/5.6, ISO (wato ƙarfin jin haskenta) 800. Daga nan gyara ya samu wurin kamawa. Wani zai ce ka ƙara sauri, wani ya ce a'a, rage ISO tukuna, kai kuma ka tafi ka gwada ka dawo da shaida.

Inda ta fi burge ni shi ne hasken safiya. Na ɗauki Hasumiyar Gobarau bayan fitowar rana kaɗan, a ISO 100 da f/8, kuma da aka wanke hoton babba ana ganin yaɓen ƙasar da inda ruwa ya zazzage shi. Megafiksel 18 ɗinta sun isa wannan har da saura. Allon bayanta yana juyawa, sai na ajiye ta kusan a ƙasa ina kallo daga sama, hasumiyar ta fito da tsayinta ba tare da na kwanta a hanya ba. Wannan hoton ya jawo gardama a zamanmu. Wayoyin lantarki sun gitta ta gefe guda, tela ya ce a goge su a kwamfuta don sun ɓata tarihi, malamin makaranta ya ce a bar su, ai haka garin yake yau, wanda zai kalli hoton nan gaba yana da haƙƙin ganin Katsina yadda muka same ta. Har aka kira Magariba ba a daidaita ba. Ni dai na bar su, kuma har yanzu ina ganin malamin ya fi gaskiya.

Farar riga cikin rana ita ce jarrabawarta. Duk wanda ya tsaya a Ƙofar Soro ranar hawa ya san abin da nake nufi: babbar riga fara sol, rawani fari, ga fuska a cikin inuwar rawanin. Ma'aunin hasken kyamara in ya ga fari ya cika masa ido sai ya ɗauka haske ya yi yawa, ya rage, rigar ta koma toka-toka, fuskar kuma ta nutse. In ka ƙara haske da hannunka don fuskar ta fito, aikin zaren da ke gaban rigar ya ƙone. Kyamarori na yanzu sukan bar ka ka ɗago inuwa daga baya ba tare da ɓarna sosai ba. 600D ba ta da wannan haƙurin, da ka matsa mata sai tsaba-tsaba su fito a kumatu da wuya. Ɗauka a RAW, wato ɗanyen fayil ɗin da kyamara ba ta sarrafa ba, yana taimakawa, haka nan duba allon bayani, inda wurin da ya ƙone yake ƙyalƙyalawa. Amma maganin da ya fi aiki daga bakin dattijon nan ya fito. Ya daɗe yana kallon hoton wani mahayi da na kawo, sannan ya ce, “Ɗana, bar faɗa da rana. Zagaya ka ba ta baya, ka jira dokin ya juyo.” Na ce, “Baba, in ya juyo cikin sauri fa?” Ya ce to sai in san hanyar da ayarin yake bi tun kafin ranar, in riga kowa tsayawa.

Sauri kuwa ba nata ba ne. Hoto 3.7 take ɗauka a daƙiƙa, kuma a RAW bayan kamar shida sai ta tsaya ta numfasa. Wuraren saitinta, wato inda take kama abin da ake ɗauka ya fito tas, tara ne, na tsakiya kawai na yarda da shi in doki na sukuwa. In ka bi ta allon baya maimakon ka sa ido a ƙaramar tagar, saitin yana jan ƙafa ƙwarai, kafin ya kama mahayin ya wuce. Ana samun hoton jahi mai kyau da ita, a 1/1000 ko sama, amma za ka zubar da yawa kafin ka tsinci ɗaya.

A duhu ma haka. Rijiyar Kusugu da ke Daura a cikin gini take, haske kaɗan ne. ISO 1600 ya karɓu, daga 3200 launi ya fara lalacewa. Gilashin 50mm f/1.8 da na ƙara saya daga baya yana jawo haske sosai kuma yana fito da fuskar mutum tas, baya ya narke, sai dai a jikin wannan kyamara yana zama kamar 80mm, a ƙaramin ɗaki ba ka da inda za ka ja da baya. Wanda ke son aikin biki da dare ya nemi wata, ko ya tanadi filas na kirki.

Jikinta ba a rufe yake daga ƙura ba. Da hunturu ba na sauya gilashi a fili, sai na shiga mota ko ɗaki. Tana girgiza sensarta, wato farantin da ke karɓar hoto a cikinta, don kakkaɓe ƙura duk sanda aka kunna ko aka kashe, amma hakan bai hana ɗigo-ɗigo fitowa a sararin sama in ka rufe ido zuwa f/16. Ka sayi ƙaramin famfon hura iska. Kada ka hura da baki, kada kuma ka goge da bakin riga.

Ba ta da Wi-Fi, sai ka zare katin ka sa a na'urar karanta kati ka jona da waya. In za ka tura wa abokai don su duba maka, tura shi a matsayin fayil, domin WhatsApp yana matse hoto in aka tura shi kai tsaye, ya kuma share bayanan ɗaukar, sai a yi ta gyara maka laifin da ba naka ba. Akwai kuma tambayar da ba a taɓa tsallakewa a zamanmu in hoton mutum ne, musamman mace ko yaro: ka nemi izini? Kyamara mai girma irin wannan tana jan ido fiye da waya, mutane suna lura da kai, wajibi ne ka yi sallama ka tambaya kafin ka ɗaga ta.

In za ka saya, kada ka biya sai ka gwada. Ɗaga gilashin ga haske ka duba ko akwai fumfuna a ciki, juya allon ta kowane ɓangare ka ga ko yana ɗaukewa, ɗauki farin bango a f/16 ka duba sensa, ka tambayi yawan hotunan da ta ɗauka a baya. Batirinta LP-E8 ne, na jabu sun yi yawa, mai kyau kuwa yakan kai hoto 400 in ba ka cika amfani da allo ba. Farashi yana bin dala, ka zagaya shaguna kafin ka tsayar. Ni ban da niyyar sayar da tawa. Abin da nake tara wa kuɗi yanzu shi ne gilashin 55-250mm, don in samu fuskokin mahaya daga nesa a hawan Babbar Sallah ba sai na shiga gaban dawaki ba.