Bakaniken da ya wanke mana lagireton kwamfiresa

Fentin mota muke yi, don haka iskar kwamfiresa ce jarinmu. Tamu irin mai sukurun nan ce da mai ke zagayawa a ciki. Da zafi ya kama, sai ta riƙa kashe kanta da tsakar rana in ma'auni ya doshi digiri 110, ga ruwa na tsartuwa ta bakin bindigar fenti, aiki ya fito da ƙuraje kamar fatar figaggiyar kaza. Wasu suka ce injin ne ya tsufa, wasu suka ce a sauya na'urar busar da iska.

Bakaniken da muka kira bai taɓa ko ɗaya ba. Ya cire murfi, ya ɗora tocila a bayan lagireto, ya ce in leƙa ta gaba. Haske bai ratso ba ko kaɗan. Ƙura da garin fenti sun haɗu da man da ke ɗiga daga wani tiyo, sun dunƙule a tsakanin ƙananan faifayen alminiyom ɗin. Fanka na ta juyi, iska ba ta wucewa.

Yadda ya yi aikin ne ya burge ni. Ya jiƙa wurin da maganin wanke maiƙo, sannan ya hura iska a hankali ta inda take fita, ba ta inda take shiga ba, don kada ya ƙara cusa dattin. Ya hana yarona sa burushin ƙarfe, ya ce faifayen na lanƙwashewa. Yana aiki yana bayani: iska mai zafi ta fi riƙe danshi, kusan ninki biyu a duk ƙarin digiri 11, to in ba ta huce a lagireto ba, ruwan da ya kamata ya sauka a nan sai ya bi tiyo har kan mota. Man ma da wuri yake lalacewa in zafi ya yi yawa.

Yanzu ma'auni na tsayawa kusa da 85, ruwan ya ɗauke.

Inda na ga gazawarsa, bai zo da sabon tiyon ba, ɗaure tsohon da ke ɗigar da mai ya yi, kuma sai da muka matsa kafin ya dawo ya sauya. Duk da haka zan sake kiran sa, sai dai in gaya masa tun a waya ya taho da kayan gyara.