Fanshon Baba, makomar Inna: wane tsari ya dace idan uba yana karɓar diyyar nakasa?

Ranar da aka sallamo Baba daga asibitin ƙashi na Igbobi, a keken guragu muka turo shi har bakin mota. Shekara 23 ya yi yana tuƙa motar ɗaga kaya a wani kamfani a Apapa, rana ɗaya kaya suka zame suka danne masa ƙugu da ƙafa, aiki ya ƙare ke nan. Inna kuwa tun ina goye take suyar waina a ƙofar gidanmu a Agege. Ba ta taɓa karɓar albashi ba, kuma babu takardar wata hukuma da ke ɗauke da sunanta. Ni aka ɗora wa yawon ofisoshi, kuma abin da na gano a yawon nan shi nake so in ajiye wa duk wanda iyayensa ke cikin irin wannan hali a Legas.

A fara raba kuɗi biyu da mutane ke yawan haɗawa. Diyyar rauni a wurin aiki daga hukumar NSITF take fitowa, bisa dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda ta wajabta wa kamfani ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikatansa. Wanda aka tabbatar ya nakasa gaba ɗaya, dokar ta ce a riƙa biyansa kashi 90 cikin 100 na albashinsa kowane wata. Fansho kuma asusu ne daban, a hannun kamfanin fansho, ƙarƙashin kulawar PenCom, hukumar fansho ta ƙasa: ma'aikaci na zuba kashi 8 cikin 100 na albashinsa, kamfanin da yake wa aiki kashi 10, kamar yadda dokar 2014 ta tanada. A ƙa'ida sai mutum ya kai shekara 50 yake taɓa shi, amma wanda likitoci suka tabbatar ba zai iya komawa aiki ba yana da damar fara karɓa kafin nan.

Alat ɗin diyya yana sa zuciya ta kwanta, shi ya sa yake da haɗari. Dokar ta ɗaure wa'adin biyansa da shekarun ritaya, don haka ka je ofishinsu ka tambayi ranar da na mahaifinka zai tsaya, ka rubuta ta a bangon littafi. Iyali kuma suna samun diyya ne idan raunin aikin ne ya yi sanadin rasuwa. Kuɗi ne da ke rataye da jikin Baba. Da na fahimci haka, duk tsarin da aka kawo mini tambaya ɗaya nake yi masa: in ta Allah ta kasance ga Baba, me zai rage wa Inna?

Kamfanin fansho zai ajiye maka zaɓi biyu a tebur. Na farko shi ne cire kuɗi daki-daki, wanda suke rubutawa PW a takardunsu. Kuɗin na nan a asusun Baba da sunansa, kamfanin na ci gaba da juya shi, ana yanko masa wani abu kowane wata ko kowane wata uku. Na biyu anuwiti ne: a kwashi kuɗin a miƙa wa kamfanin inshora, shi kuma ya ɗauki alkawarin biyan Baba har ƙarshen ransa.

Ni na farkon na zaɓa, kuma gobe aka sake tambayata shi zan nuna. Babban dalilina gado ne. A tsarin daki-daki, duk abin da ya rage a asusu ranar da mutum ya rasu na magadansa ne. A anuwiti shekara 10 aka lamunce: in ya rasu a shekara ta 4, a ba iyali cikon shekara 6, in ya wuce goman kuma ya rasu, babu abin da zai iso gida. Rai a hannun Allah yake, amma mutumin da ya sha tiyata a ƙugu, ga hawan jini, ga mata da ya girme wa da shekaru masu yawa, lissafinsa ba ɗaya ba ne da na lafiyayyen dattijo mai zuwa masallaci da ƙafarsa.

Sai ribar jari. Tun da kuɗin na ci gaba da juyawa da sunan Baba, ribar cikin asusunsa take shiga, kuma lokaci-lokaci PenCom kan amince a yi wa masu wannan tsari ƙari idan asusunsu ya yi kauri. Duk wanda ya yi cefane a Mile 12 tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ya san ma'anar wannan. Hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin 100 a ƙarshen 2024, kuɗin da ke sayen buhun shinkafa ya koma sayen rabi. Abin da ya ƙara kwantar wa Baba da hankali shi ne Asusu na 6, wanda PenCom ta fito da shi a 2021 domin masu gudun kuɗin ruwa, kuma yana da ɓangaren 'yan ritaya. Ranar da na gaya masa za a iya mayar da kuɗinsa can, cewa ya yi, "To yanzu na ji magana, ɗauko biro." Ga kuma ƙofar fita: mai daki-daki zai iya komawa anuwiti daga baya, amma wanda ya shiga anuwiti ba ya dawowa. Idan kamfanin fanshon ne bai yi maka ba, tun Nuwamban 2020 an buɗe damar sauya shi sau ɗaya a shekara.

Aibinsa ɗaya ne, kuma ba ƙarami ba ne: idan Allah ya yi wa mutum nisan kwana sosai, asusun na iya yin ƙasa. Anuwiti ya dace da mai ƙoshin lafiya wanda ba ya da wanda zai bari a baya. Mu ba haka gidanmu yake ba.

Akwai wurin da ni ma na kusa tuntuɓe. Rubuta sunan Inna a matsayin makusanciya a fom bai mayar da ita mai kuɗin ba. Kamfani zai nemi takardar izinin kula da dukiyar mamaci daga babbar kotu, kuma a rabon gado na Musulunci matar da mijinta ya bar 'ya'ya tumuni take samu, kashi ɗaya cikin takwas. Saboda haka muka zauna mu huɗu a gaban Baba da limamin unguwarmu, kowa ya faɗa da bakinsa cewa in an raba, kasonsa na wannan asusun kyauta ne ga Inna. Yayarmu ta yi kuka, ta ce ana yi wa Baba fatan mutuwa. Baba ne da kansa ya ce mata, "Ke dai bari, gara a yi ina ji ina gani."

Ita Inna muka buɗe mata ƙaramin fanshon masu sana'ar hannu, wanda aka ƙaddamar a watan Maris na 2019. Mu 'ya'ya muke zubawa kowane wata. A shekarunta ba zai tara wani abin a-zo-a-gani ba, amma da sunanta yake. Adashi na gyaran jarin waina ne, ba na tsufa ba.

Yanzu ga dunƙulen kuɗin da ake ba ɗan ritaya a farko, wanda mutanenmu ke kira garatuti. Nan kowa ke zama mai ba da shawara. A sayi babura a ba yara haya? Tun Yunin 2022 aka hana acaba a Ikeja, Surulere, Apapa, Eti-Osa da ƙananan hukumomin Lagos Island da Mainland, kuma wanda ke zaune a keke ba zai bi yaro tasha karɓar balas ba. Fili a bayan gari ba ya sayen magani ranar Talata. Ajiyar banki tana da amfani domin larurar gaggawa, sai dai a tuna NDIC, hukumar inshorar ajiyar banki, naira miliyan 5 take lamunce wa mai ajiya a manyan bankuna, miliyan 2 a ƙananan bankunan talakawa. Sukuk na gwamnatin tarayya, wato takardar zuba jari marar ruwa, wanda aka fara a 2017, shi na fi yarda da shi: ana shiga da naira 10,000, ana biyan kuɗin haya sau biyu a shekara.

Da mun tsaya nan, da ba mu yi asara ba. Wata biyu da shigowar garatuti, wani ɗan garinmu ya fara zuwa duba Baba bayan la'asar. Farar shadda, carbi a hannu, ledar lemo da ayaba. Yakan durƙusa har ƙasa ya ce, "Baba, ya ƙarfin jiki?" Sai a zuwa na huɗu ya kawo maganar wani kamfani mai shigo da kayan abinci, wanda ke ba da ribar kashi 20 kowane wata, halal, babu ruwa. Ya nuna mana takardar rajistar kamfani mai hatimi, ya nuna alat a wayarsa. Ni na duba takardar, ni na ce wa Baba babu matsala. Wata biyu aka biya mu, a na uku wayarsa ta daina shiga. Na je ofishin, na tarar da kwaɗo a ƙofa da mutane tsaye cirko-cirko, har da wata tsohuwa riƙe da rasit a leda. Kusan sulusin kuɗin Baba ya tafi a nan. Bai taɓa yi mini gori ba, kuma wannan shirun nasa har yau yana damuna.

Rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, shaida ce kawai cewa kamfani yana da suna. Mai karɓar jarin jama'a sai da rajistar SEC, hukumar kula da kasuwar hannun jari, kamfanin fansho sai da lasisin PenCom, na inshora sai da na NAICOM, hukumar inshora ta ƙasa, kuma kowace hukuma ta wallafa sunayen waɗanda ta amince da su a shafinta na intanet. MMM ta cinye kuɗin mutane a 2016, CBEX ta maimaita a Afrilun 2025, kuma duk da biyan 'yan farko suke jawo na baya. Macuci yana son gidan mai nakasa domin ya san tsohon ba zai iya tashi ya je ya gani da idonsa ba. Akwai masu bugo waya su ce daga ofishin fansho suke, ana sabunta bayanai, a karanto musu BVN da lambar da ta shigo waya. A kashe wayar kawai. Akwai masu cewa za su fito maka da kuɗin asusun gaba ɗaya in ka ba su kaso, alhali doka ta ce dole a bar abin da zai riƙa biyan fansho. Akwai ejan ɗin inshora mai cin kamasho, wanda zai zo har gida da fom ya ce, "Baba, sa hannu nan kawai." Kada tsoho ya sa hannu a takardar da ba a kwana da ita a gida ba.

Wani ɓarawon kuma a cikin gida yake. Uba ba ya iya zuwa wurin mai POS, sai a miƙa wa yaro kati da lambar sirri, dubu biyu yau, dubu uku gobe. Mu mun mayar da alat ɗin wayar Baba, katin yana hannun Inna cikin lalitarta, kuma duk ƙarshen wata nakan karanta musu bayanin asusu su biyun suna ji.

Magani shi ke cin fansho fiye da abinci, don haka kafin a saka ko kwabo a sukuk a yi wa iyayen biyu inshorar lafiya. Jihar Legas tana da tsarin inshorar lafiya mai suna Ilera Eko ƙarƙashin hukumar LASHMA, sai a tambayi abin da ta ɗauke da wanda ba ta ɗauke ba, musamman gashin ƙashi da magungunan hawan jini. A kuma yi wa uba rajista da LASODA, ofishin jihar mai kula da masu buƙata ta musamman. Takardun Baba duka, na likita da na diyya da na fansho, suna cikin jaka ɗaya a ƙarƙashin katifar Inna, ni kuma ina da hotonsu a waya. Wata mai zuwa zan koma NSITF da ƙanena, domin shi ma ya san ƙofar da ake shiga da teburin da ake zama.